Ranar da Chin Dom Ya Kai Kifi Kiwo

A rumfar kofi ta Kawu Sau, nan bakin gadar da jirgin fasinja yake tsayawa, Chin Dom ya fara fasa maganar. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan benci, ya kaɗa ƙanƙarar da ke cikin kofinsa, ya ce duk masu kejin kifi na tsibirin Hon Nghe wahalar banza suke sha.

"Kakanninku sun sha, iyayenku sun sha, ku ma ga shi kuna sha. Kullum mutum ya tashi da sassafe yana saran kifi don ya ciyar da wani kifin! Ina aka taɓa kai wa dabba abinci har ɗaki alhali ga makiyaya a buɗe?"

Kawu Sau ya ce, "Wace makiyayar?"

Chin Dom ya nuna teku da cokali. "Ga ta nan. Kyauta."

Shi Chin Dom ba ɗan teku ba ne. Daga can cikin ƙasa ya zo, inda babu komai sai fadamar shinkafa, kuma sana'arsa a can kiwon agwagi: a kora su da doguwar gora daga gonar da aka girbe zuwa wata, su yi kalar abin da ya zube. Ranar da ya sauka tsibirinmu, a faɗarsa, agwagin da ya taɓa kiwo dubu ɗaya ne. Ranar aurensa da Ut Lanh sun zama dubu uku. A wannan safiya sun kai dubu bakwai.

Surukinsa, tsoho Nam Kheo, keji takwas gare shi a dandamalin katako mai iyo bisa gangunan roba. Bayan biki ya ware keji ɗaya, ya zuba 'ya'yan bop ɗari biyu, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, ya ce a gaban mutane: idan Chin ya kai su bikin Tet, sabuwar shekararmu, da rai, keji ya zama nasa, a kira shi mai keji. In ya kasa, wankin raga ne aikinsa har furfura.

Bop kuwa, wanda 'yan takarda suke kira kobiya, kifi ne da bai san ƙoshi ba. Kafin shekara ta zagayo ya kai kilo shida, kai faffaɗa, baya ruwan ƙasa, ciki fari, nama kamar an dunƙula shi da hannu. Amma kafin ya ƙara kilo ɗaya sai ya lashe takwas na tarkacen kifi. In ka bar ƙanana da manya wuri ɗaya, gobe manyan kaɗai za ka tarar suna kallonka. Ga wankan ruwan daɗi da ake yi musu saboda ƙwarƙwatar teku. Wata goma Ut Lanh tana wannan duka, Chin yana tsaye a kanta yana gaya mata yadda ake yi. Saura mako shida Tet, kifaye sun yi ɓul-ɓul, sai ita ta ce kafaɗarta ta gaji, sara ya dawo hannunsa. Kwana biyu ya yi yana sara. A na uku dabara ta zo masa.

"Ku da kanku kuka ce bop na cikin teku bin duoi yake yi," in ji shi. Duoi shi ne faffaɗan kifin nan mai kama da faifai, da wutsiya kamar bulala. "Duoi ya tono yashi, ƙaguwa ta fito, bop ya cafke. Haka ne ko ba haka ba?"

Aka ce haka ne. Wannan ko jariri ya sani.

"To ni zan ƙera duoi nawa. Da safe in ja shi, kifina su biyo, su yi kiwo a kan yashin bayan dutse. Da yamma in jawo shi gida, su shige keji. Ba sara, ba ƙarni."

"In suka ƙi dawowa fa?"

"Kawu, agwagwa dubu bakwai ban taɓa ɓatar da ɗaya ba."

"Ita agwagwa ai kana ganinta."

"Abin da ya hana ku ci gaba ke nan a tsibirin nan. Sai abin da ido ya gani."

Ana cikin dariya sai ga Inna Tu Ganh ta zo sayen ƙanƙara. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai take riƙe da keji goma sha biyu, dab da na Nam Kheo, kuma dillalan birni in sun hango hularta sai su fara gyara ma'auninsu da kansu. Ta saurara har ya kai aya, ba ta yi dariya ba.

"Yaushe za ka sake su, ɗana?"

"Me ya sa, Inna?"

"Ba komai. In samu in yi kallo."

Da yammar nan ya kwance tampol ɗin rufin bukkarsu ta kan ruwa, ya zare gorori shida daga inda surukinsa yake shanya raga, ya yanki tiyon ruwa ya yi wutsiya. Murafan tukunya biyu suka zama idanu. Duoi ya fito faɗin tabarma huɗu. Ya kinkime shi a ka zai kai bakin ruwa, iska ta shiga ƙarƙashi, duoi ya tashi sama tun bai ga teku ba. Chin ya riƙe wutsiya, abin ya ja shi da gudu ta tsakiyar shanyar jatan landen Inna Tu, faifai goma sha ɗaya suka kife.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta miƙa masa ƙwarya. Ɗaya bayan ɗaya ya tsince su daga yashi, yana hurewa, yara suna taya shi lissafi da ƙarfi.

"Gwaji ne," ya ce wa masu wucewa. "Ina auna ƙarfin fiffiken."

Washegari ya ɗaura masa duwatsu don kada ya ƙara tashi. Bai tashi ba. Ya nutse kamar an kira shi daga ƙasa, ya sarƙe igiyar angar wani maƙwabci, Chin ya ja, ya ja, anga ta tumɓuke. Dandamalin mutumin ya kama hanya a hankali, da kakarsu a kai tana barci cikin ragar lilo. Sai kusa da tsibirin gaba ta farka, ta tambayi masu kamun ƙaguwa wa ya matsar da dutsen garinsu. Jirage uku aka tura kafin a jawo ta.

A karo na uku ya cusa masa tiyub ɗin tayar babur guda huɗu, ya rage duwatsu. Duoi ya tsaya daidai, kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa, baƙi ƙirin, idanun tukunya suna ƙyalli. Chin ya tsaya yana kallonsa har hawaye ya taru masa.

Ut Lanh ta same shi a wurin. "Yaya Chin, ruwan sama ya jiƙa mana shinkafa jiya. Ina rufin bukka?"

"Rufin bukka yana aikin da ya fi rufi."

"Wata goma ina yanka yatsuna a kan kifin nan. Ka taɓa raga ɗaya, na rantse da kabarin kakata, a cikin kwando za ka riƙa kwana."

"Ut, ke ba ki san dabba ba. Dabba shugaba take nema."

"Ni ma shi nake nema tun da na yi aure."

A makon ne aka yi taron tunawa da rasuwar kakar Ut Lanh a can babban gari, ita da mahaifinta suka hau jirgi, kwana uku za su yi. Tsohon ya tsaya a bakin gada ya ce, "Sau biyu a rana, safe da yamma. Ba na son dabara."

"Baba, ka tafi da kwanciyar hankali."

Jirgi na ɓacewa ya rataye adda. Kwana uku bai jefa wa kifin ko ƙaya ba, domin a cewarsa agwagwar da ta ƙoshi ba ta bin makiyayi. Ya bi gida-gida yana gayyata. Ya zaɓi safiyar da jirgin zai dawo, don surukinsa ya iso ya tarar da garke yana tafiya a layi.

Ranar ba wanda ya je aiki. Mutane suka cika dandamali har ganguna suka nutse rabi, wasu a kwale-kwale, masu sayar da dafaffiyar masara suna zagayawa. Chin ya fito da farar rigar aurensa, da hular kaba, da doguwar gora mai ƙyallen leda a kai, irin ta korar agwagi. Tsarin kuwa haka yake: jirgin injin Kawu Sau a gaba, yana jan kwandon nan mai zagaye da muke shiga mu je keji, Chin a tsaye cikin kwandon, duoi a ɗaure a bayansa.

Shigarsa kwando ke da wuya abin ya fara juyawa. Ya tura filafili dama, ya juya hagu. Ya tura hagu, ya ƙara gudu. Sau tara ya gai da jama'a ba da niyya ba.

"Gaba ake zuwa, Chin!"

"Ina duba kowace kusurwa ne!"

Da ƙyar ya kamo gefen keji, ya kwance igiyar raga ta ɓangare ɗaya, ya sake ta ƙasa. Ƙofa ta buɗe, faɗin teku duka. Kowa ya zuba ido.

Kifaye ba su fita ba. Suka ci gaba da zagayen da suka saba tun suna ƙanana, in sun zo inda raga take a da sai su karya kwana da kansu. Ya jawo duoi har bakin ƙofa, ya girgiza wutsiyar. Wani ƙaton kifi ya leƙo, ya shinshina murfin tukunya, ya koma layi.

Kawu Sau ya ce, "Ko ba su gane shugaban ba ne?"

"Kunya suke ji. Mutane sun yi yawa." Ya ɗaga gora, ya cika ƙirji, ya saki kiran da ya gada: "Kiu-kiu-kiu-kiu! Kiu-kiu-kiu!"

Kira ne mai kyau, wannan ba a hana shi. Daga bayan rumfar kofi agwagin matar Kawu Sau guda uku suka faɗo ruwa, suka yi layi, suka iyo har gefen kwandonsa suna jiran umarni. Wata mata ta yi dariya har ta zame daga kan ganga, aka kamo ta ta ƙafa.

Ita kuwa Inna Tu Ganh tana kan dandamalinta, taku arba'in daga wurin. Makon jiya ta sayar da kifin keji ɗaya, ragar tana nan a ruwa, gefe ɗaya a sake don ta jiƙa kafin wanki. Lokacin ciyar da kifinta ya yi, kuma ita ba ta ɗaga lokacin aiki don wasan kowa. Ta juye kwandon tarkacen kifi kan gungume, ta ɗauki adda.

Tak. Tak. Tak-tak-tak.

Bop ɗin da aka haifa a kwami, ya girma a keji, bai taɓa ganin duoi ba tun da yake. Abin da ya sani ƙarar adda a kan gungume. Kifi ɗari biyu masu yunwar kwana uku suka tsaya cak, suka juya kai wuri ɗaya, ruwa ya yi duhu. Suka fita ta ƙofar nan kamar an ɓalle madatsa, ta ƙarƙashin duoi, ta ƙarƙashin kwando, ko sallama babu.

Chin ya yi tsalle. "Kun gani! Sun fito! Sun..." Sai ya ga inda suka nufa. "Ba can ba! Kawu, bi su! Sha gabansu! Ba da wuta!"

Kawu Sau ya ba da wuta. Jirgi ya zabura, igiya ta miƙe, kwando ya fizga. Shi kuwa duoi, faffaɗan abu ne, da aka ja shi da gudu sai ya sunkuyar da kai ya nufi ƙasa. Jirgi na jan kwando gaba, duoi na jan shi ƙasa. Kwando ya miƙe tsaye a kan gefensa, ya ɗan yi tunani, ya kife. Gorori suka karye ƙas-ƙas, tiyub suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe tampol ya taso ya naɗe mai shi tun daga wuya har ƙafa, wutsiyar tiyo ta zagaye masa ƙugu.

Inna Tu ba ta ko waiga ba. Tana watsa sara cikin kejin da ba kowa, hannu bayan hannu, har ruwan ciki ya tafasa da kifi. Sannan ta aje adda, ta goge hannu, ita da ƙanwarta suka ja igiya, gefen raga ya taso, ta ɗaure.

Daidai nan jirgin fasinja ya shawo kwanar dutse yana busa. Duk fasinja suka taru gefe ɗaya suna nuna wani baƙin abu mai kan mutum da ke birgima a ruwa, agwagi uku suna biye da shi. Wani baƙo yana ɗaukar hoto. Ut Lanh ta dubi abin, ta dubi kejinsu a buɗe, ta zauna kan buhun da ta zo da shi.

Da ƙugiyar jan raga aka kamo shi, aka shimfiɗe a dandamalin Inna Tu, yana aman ruwan gishiri. Kafin ya gama, Nam Kheo da 'yarsa sun iso, rabin tsibiri a bayansu.

Tsohon ya leƙa kejin. "Ƙanwata Tu, sannu da aiki. Kifina ne waɗannan."

"Sannu da hanya, Yaya Nam. Waɗanne?"

"Waɗannan da ke cikin ragarki."

"Af. Ni daga teku na kama su. Kowa ya gani. Tun zamanin kakanni, kifin da ke yawo a teku na wanda ya sa raga ne. Ko an sauya ina barci?"

Chin ya ɗago kai daga cikin tampol. "Kiwo suka fito, Inna! Dabbar kiwo ko ta shiga gonar wani tana da mai ita!"

"To kira su, ɗana. Wanda ya amsa naka ne."

Ya buɗe baki, ya dubi agwagin da ke gefe suna jira, ya rufe.

Ut Lanh ta matso, ta durƙusa bakin kejin. "Inna, ga wancan mai tsagaggen fiffike, ni na cire shi daga raga da hannuna. Ga mai ido ɗaya can. Kin san nawa ne. Kina jin sarana kowace safiya."

Inna Tu ta dube ta, ta dubi yatsunta masu tabo. Mace ce mai gaskiya, ko maƙiyanta sun shaida, amma gaskiya ba ta hana ciniki.

"Naki na sani, 'yata. Shi ya sa ma ake magana. Da nasa ne, da tuni na kira dillali." Aka ƙirga da koma, ɗari da sittin da biyu suka shiga, sauran sun wuce neman duoi na gaske. "Rabi nawa, rabi naki."

Nam Kheo ya dafe kai. "Rabi! Don kin buga adda?"

"Don na san lokacin buga ta."

"Ashirin."

"Yaya Nam, ashirin ko kuɗin tarkacen da suka cinye mini yanzu bai kai ba. Dubi bakinsu. Saba'in."

"Talatin, don darajar marigayi, abokina ne."

"Marigayi da yana nan tamanin zai ce, kuma ka ba shi. Sittin."

Suka yi ta ja, jama'a na bi da kai kamar masu kallon ƙwallo. Sau biyu tsohon ya juya zai tafi, sau biyu ta ce a gai da gida. A arba'in da biyar suka tsaya, da sharaɗi daga bakinta: sauran su koma kejin da suka fito, kuma kejin a kira shi na Ut Lanh, ba na wani mai gora ba.

Tsohon ya ce ya yarda, dama abin da ke ransa ke nan tun a jirgi. Sai ya dubi surukinsa a ƙasa, wata dabara ta zo masa shi ma.

"Ki rage mini ashirin, in ba ki wannan. Ya yi miki sara da wankin raga har Tet. Ƙato ne, dubi kafaɗa."

Inna Tu ta zagaya Chin Dom a hankali kamar yadda take zagaya kwandon kifin da ya kwana. Ta taɓa shi da yatsan ƙafa.

"Yana ci da yawa?"

"Mu za mu ciyar da shi."

"Yana magana?"

Tsohon ya kau da kai, ya dubi teku.

"Biyu," in ji ta.

"Haba ƙanwata! Mutum ne fa sukutum. Goma."

"Uku, kuma in ya ce agwagwa sau ɗaya a dandamalina, ciniki ya warware."

"Shida."

"Huɗu, yadda yake ɗin nan a naɗe. Na gama."

Suka tafa. Chin Dom ya yunƙura ya zauna, ruwa na ɗiga daga hancinsa, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, sai ga ƙirji ya fara tasowa.

"Kun dai ji da kunnenku. Inna Tu, wadda dillalan birni suke tsoro, ta ba da bop huɗu a kaina. Huɗu! Kilo ashirin da huɗu na kifi mai daraja! A cikinku wa aka taɓa saye da ko ƙaguwa ɗaya?"

Inna Tu ta miƙa masa adda ta ƙota.

"Uku na tampol ne, ɗana. Kwance shi a hankali kada ka yaga mini."